Ni ne direban da ke kai ambulan

Wani dare bayan isha'i muna zaune a majalisarmu ta gaban mai shayi a unguwar Jahun cikin garin Bauchi, ana gardamar siyasa kamar kullum, sai wani yaro ɗan jami'a, sa'an ɗana na fari, ya juyo ya ce da ni, "Baba Alhaji, kai da ka daɗe da manyan nan, tsakaninka da Allah, sallar da ogan naka yake yi ta gaske ce ko ta kamfe ce?" Aka fashe da dariya. Kowa ya zuba min ido yana jira in ce ta kamfe ce, a ƙara wata dariyar. Na buɗe baki na rasa abin faɗa, sai na ce masa ya bari shayina zai huce. Tambayar nan ta kwana da ni ta wuni da ni, har na zaunar da ɗana da wayarsa, ina faɗa yana rubutawa.

Ba zan ambaci sunan mutumin ba, ba kuma zan faɗi kujerar da ya riƙe ko jam'iyyun da ya shiga ba. Yana nan da ransa, kuma na ci tuwon gidansa shekara goma sha uku. Honorabul muke ce masa, a nan ma haka zan kira shi.

A Jahun aka haife ni. Babana mai ɗinkin hula ne, ɗan Tijjaniyya da ba ya fashin wazifa ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ina da shekara goma sha biyar aka yi rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991, wanda ya faro daga maganar nama ya ƙare da hayaƙi a cikin garin Bauchi. Mun taso ke nan da sanin cewa akwai mu akwai su. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, ina yaron mota a layin Bauchi zuwa Jos, ba wata hira a tasha sai wannan. Da ta iso mana a 2001 mun yi kabbara har murya ta dushe. Na dawo gida ranar jikina duk ƙura, ina ba babana labari ina haki. Bai ɗaga kai daga hular da yake ɗinki ba, ya ce, "Allah ya sa ta hau har kan masu jiniya." Na ji haushin maganar a lokacin. Gani nake tsoho ne kawai, ba ya son ya ga ana murna.

A 2006 wani kawuna ya haɗa ni da Honorabul, direbansa ya samu aikin gwamnati ya tafi. Ranar farko bai tambaye ni lasisi ba. Tambayarsa ita ce ko ina shan wani abu, da kuma ko ina tashi asuba ba sai an tashe ni ba.

Bari in fara da abin da 'yan majalisarmu ba sa son ji. Mutumin nan yana sallah. Na yi tafiyar Abuja da shi ba adadi, ta Jos da Akwanga da Keffi, mu biyu rak, ba ɗan jarida ba mai hoto. Lokaci na yi zai ce in gangara gefen titi, ya ɗauko buta da kansa, mu shimfiɗa darduma a kan tsakuwa. Wani lokacin ni yake turawa gaba in ja mu, ni da ƙananan surorina. Litinin da Alhamis da wuya ka gan shi yana cin abinci da rana. A otal na sha jiyo karatunsa ta bango da misalin ƙarfe uku na dare, kuma karatun wanda ya yi makarantar allo ne da gaske, ba na wanda ya koya da girma don a ji ba. Da matata ta zo haihuwar 'yarmu ta uku aka ce sai an yi mata aiki, ba ni da ko rabin kuɗin. Ban roƙe shi ba, a fuskata ya gani. Ya biya duka, ya kuma ce in ya ji maganar a bakin wani to aikina ya ƙare. Yau ne karo na farko da na faɗa.

To, wannan mutumin dai shi ne wanda zan ba da labarinsa yanzu.

Idan kakar zaɓe ta kama, but ɗin motarmu ya zama kamar shagon tela. Akwai dogon carbi na katako da yake ratayawa a hannu in za mu zawiyya ko wajen maulidi. In masallacin 'yan Izala za mu, carbin nan a aljihun mota yake kwana, a ɗauko kaftanin da aka ɗinka wa wando ɗangalalle. A can ya yi ƙabalu, a nan ya saki hannu ya yi sadalu. Ban ce ɗaya daga ciki ba sallah ba ce, malamai sun san hujjar kowanne. Abin da na lura da shi kawai, hannun Honorabul ya san unguwar da yake ciki tun kafin a tayar da iƙama. In mu biyu ne a daji kuwa, sakin hannu yake yi, yadda babansa ya koya masa.

Sallar Juma'a ma da jadawalinta. Sakatarensa yana da wani littafi mai baƙin bango, shi ke tsara wane masallaci za a je wannan makon. Sai an sanar da kwamitin masallaci tun Laraba don a tanadi wuri a sahun gaba, kusa da liman. Mukan iso a makare da gangan, mutane sun riga sun zauna, sai 'yan agaji su buɗa masa hanya yana ratsa sahu kowa na ɗaga kai. Ni da nake ajiye mota nakan samu wuri a waje, cikin rana, tare da masu sayar da rake. Daga nan nake jin liman a huɗuba ta biyu yana addu'a ga "bawan Allah mai taimakon addini da yake tare da mu a yau."

Littafin nan shi ne zuciyar kamfe. Shafi-shafi ne: limaman Juma'a, limaman unguwa, masu tafsiri, alarammomi, shugabannin Islamiyya, fastoci, zumuntar mata, masu unguwanni, ƙungiyoyin matasa, 'yan acaɓa, mahauta. Kowane suna da adadi a gabansa, da kuma ƙiyasin mutanen da ake jin zai iya juyawa. Daraja a littafin ba ta ilimi ba ce. Na san malamin da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, amma ambulan ɗinsa bai kai rabin na wani matashi mai zafin baki da ke cika fili in ya hau mumbari ba.

Kai ambulan kuwa aikina ne, saboda ba a san fuskata a jarida ba, kuma ba na yawan magana. Bayan magariba nake zuwa. In yi sallama, in durƙusa, in ce, "Allah gafarta Malam, Honorabul ne ya ce a gaishe ka, ya ce ga wannan a sha mai, a sa shi a addu'a." Ba a taɓa cewa in faɗi wani abu game da ƙuri'a ba. Ba a bukata. Kowa ya ci ladan kuturu ya san akwai aski a gaba. Wasu sukan tura shi ƙarƙashin buzu ba tare da sun duba ba. Wasu sai sun auna kaurinsa da yatsa tukuna addu'ar ta fito, kuma tsawon addu'ar na bin kaurin. Akwai wanda ya taɓa ce min in gaya wa Honorabul abokin takararsa ya riga shi zuwa, kuma "ya fi shi fahimtar halin da ake ciki."

Kada a ce na yi wa malamai kuɗin goro. Da yawansu ba su da albashi, ga iyali, ga almajirai, ga baƙi kullum a zaure. Mutanen unguwa da ke zaginsu a kan karɓar kuɗin 'yan siyasa ba su taɓa tambayar me liman ya ci da safe ba. Na shiga gidajen da na ga tukunya a kife da la'asar. In ka miƙa wa irin wannan mutum ambulan, ba ka san wanda ya fi laifi tsakanin kai da shi da maƙwabtansa ba.

Da azumi sai a ƙara wuta. Buhunan shinkafa da gero da sukari, kowanne da hoton Honorabul a jiki, har sai da wata tsohuwa ta tambaye ni ko shi ya noma. Ba a sauke kaya sai mai hoto ya iso. Mun taɓa tsayar da mata masu azumi a rana fiye da awa biyu saboda batirin kyamara ya mutu an tafi nemo wani. A ranar rufe tafsiri kuwa sai a ba shi lasifika ya yi alƙawarin tayil ko janareta, a yi kabbara. Wasu ya cika, wasu har yau.

Mazaɓarsa akwai ƙauyukan Kirista, kuma ƙuri'arsu takan raba gardama in an yi kankankan. Saboda haka ranar Lahadi ma muna da aiki. Ba na manta wata majami'a da muka je bikin godiya bayan girbi. 'Yan zumuntar mata sun yi anko, suna buga tulu suna waƙa da Hausa tsantsa, sun fito har bakin hanya tarbarmu. Honorabul ya cire hula da zai shiga, ya zauna a gaba. Da aka ba shi dama ya ce, "Iyayena mata, ni ɗanku ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, wanda duk ya zo ya raba mu da sunan addini maƙiyinmu ne." Ya ba da bandir goma na kwano don rufin ajin yara. Wata dattijuwa ta kama hannunsa da hannu biyu tana sa masa albarka har da hawaye. Suka cika mana but da doya da zakaru biyu.

A daren wannan Lahadin, zakarun nan na but ban ma sauke su ba, aka yi taron sirri da wasu malamai a falonsa. Ni nake shigar da lemo. Da kunnena na ji ya ce, "Malamai, in ba ku tashi tsaye ba, mutanen nan kansu a haɗe yake. Coci ɗaya suke shiga a gaya musu wanda za su zaɓa. In muka yi sake kujerar nan ta bar hannun Musulmi, ku za a fara tambaya ranar gobe." Har da kalmar da ba zan sa ɗana ya rubuta ba. Na ajiye tiren na fita. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne a lokacin bai dame ni ba. Na ɗauka dabara ce, kuma oganmu ya iya. Daga baya na gane a ɗaya ɓangaren ma haka ake yi, akwai masu zuwa masallaci da rana su koma su gaya wa fastoci cewa ana shirin musuluntar da kowa. Sana'a ɗaya ce, kasuwa ce kawai ta bambanta.

Mutum ɗaya ne ya taɓa mayar min da ambulan a duk shekarun nan. Wani tsohon limami ne a ƙauyen da motarmu take shan wahala kafin ta shiga. Na same shi a kan buzu yana gyara alƙalamin kara. Na yi bayanina na kullum. Ya ce, "Ɗana, buɗe randar can ka ɗebo ruwa ka sha." Na ɗebo, na ga ruwan kamar kunun kanwa. Na tsaya da moɗa a hannu. Ya ce, "Sha mana. Shi muke sha, da shi muke alwala." Na kurɓa don kunya. Ya ce, "Mayar masa da takardarsa. Addu'a kyauta nake yi wa duk Musulmi, har da shi. In yana son wata ta daban, ya haƙa mana rijiya, matan garin nan za su yi masa wadda ta fi tawa." Na kai saƙo kamar yadda aka ba ni. Honorabul ya yi dariya ya ce tsohon nan waliyyi ne, ya sa sakatare ya rubuta rijiya a littafi. Na ga an rubuta. Akwatin garin bai kai mutum ɗari uku ba, kuma a lissafin littafin nan wannan ba adadin rijiya ba ne.

Sai 2011. Wanda yake Bauchi a lokacin ba sai an tuna masa ba. Taken da ke bakin kowa shi ne a kasa, a tsare, a raka, kuma kowane ɗan takara, ko wace jam'iyya yake, yana da yaransa na tsaron akwati. Mu ma muna da namu. A gaban mutane "matasa" muke ce musu, amma kowa ya san da 'yan sara-suka a ciki. Kuɗinsu ma ni nake kaiwa, a wani kango, kuma su ba a ce musu a sa mu a addu'a. An shafe watanni ana zuba musu magana a kunne, a wa'azi da saƙon waya da majalisa, cewa wannan zaɓe na addini ne.

Aka yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16 ga Afrilu. Kafin a gama sanar da cewa Jonathan ya kayar da Buhari gari ya kama da wuta. An kashe mutane, har da 'yan bautar ƙasa da aka turo jiharmu suka yi aikin zaɓe, 'ya'yan wasu da ba su san hawa ba balle sauka. Aka sa dokar hana fita, aka ɗage zaɓen gwamna a Bauchi da Kaduna zuwa 28 ga wata.

Ina da aboki makanike, Basayi ne Kirista, shi yake duba motocin Honorabul tun kafin in zo. Mutum ne da in ya saurari inji sau ɗaya zai gaya maka ciwonsa. Mun ci abinci a kwano ɗaya ba sau ɗaya ba, da Kirsimeti yakan aiko wa 'ya'yana shinkafa da kaza, kuma Musulmi yake sa wa ya yanka don mu ci. A ranar da abin ya ɓaci ya kira wayata sau huɗu. Ina tsakar gidan Honorabul, an kulle get, ga 'yan sanda biyu a ƙofa, ga mota cike da mai, makulli a aljihuna. Ina kallon sunansa a waya har ta katse. Na ce wa kaina in na fita za a ƙona motar oga. Gaskiyar ita ce tsoro nake kada a gan ni na ɗauko shi.

Allah ya kuɓutar da shi ta hannun wani maƙwabcin garejin, mai facin taya, wanda ya tura shi ɗakin matarsa ya zauna a ƙofa. Garejin kuwa ya ƙone ƙurmus da motocin mutane a ciki. Daga baya aka faɗa min sunayen wasu daga cikin yaran da suka yi aikin. Biyu na san su, na sha miƙa musu kuɗi a kangon nan.

Ba Honorabul ne ya aike su ba, wannan zan iya dafa Alƙur'ani a kai. Da labarin 'yan bautar ƙasar ya zo, na gan shi ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito idonsa jawur. Amma wanda ya yi wata shida yana tara itace yana yayyafa kananzir, ranar da wuta ta tashi ba zai ce shi bai ƙyasta ashana ba ya wanke. Ni kuma da na ɗauki galan ɗin fa? Bayan an kwana biyu ya je jaje majami'u da ambulan, ni na tuƙa shi. Wajen abokina ne na kasa zuwa. Na canza makanike, na ce wa oga wancan ya bar gari.

Shekarar da ta biyo baya Honorabul ya ba ni kujerar Makka. Kowace shekara yana da kujerun da yake rabawa, yawanci ga mutanen littafin nan, wasu zuwansu na uku ko na huɗu ke nan, kamar yadda ake raba wa fastoci ta Urushalima. Ranar da ya gaya min na faɗi na yi sujada a kan siminti. Babana bai je ba har ya rasu, ga ni ɗan mai hula zan je. Unguwa ta ɗauka, aka yi ta shigowa barka. Tun daga ranar na zama Alhaji.

A Arfa ne abin ya same ni. Ana ta addu'a kowa na kuka, na ɗaga moɗar ruwan sanyi zan sha, sai randar tsohon limamin nan ta faɗo min a rai. Na yi lissafi a zuci ba da niyya ba, irin na direba: kuɗin kujerata kaɗai ya haƙa rijiyar nan. Na juya na ga Honorabul a gefena cikin harami, hannu sama, hawaye na bin gemunsa, yana roƙon gafara kamar ransa zai fita. Ba mai kallonsa, kowa ta kansa yake. Kukan nan na gaske ne. Rijiyar kuma ba a haƙa ba. Na kasa haɗa biyun nan a kaina, har yau ban gama haɗa su ba.

Sauran shekarun ba sai na ja ba. Guguwar 2015 ta zo, kowa na cewa sak, 'yan siyasa suka yi ta sauya sheƙa kamar ana canza riga. Malaman da suka ce jiya wannan jam'iyya ce ta Musulunci suka wayi gari da wata ayar. Littafin bai canza ba, sai dai bangonsa.

A zaɓen fid da gwani na 2018 aka kayar da Honorabul. Wani da ya fi shi nauyin aljihu ya saye deliget, waɗanda suka yi masa rantsuwa da Alƙur'ani a falonsa kwana biyu kafin nan. Cikin mako guda gidan ya zama kamar an yi shara. Malaman da ke zuwa duk Juma'a da yamma su yi masa saukar Alƙur'ani suka koma gidan wancan. Azumin da ya biyo baya ba buhu ko ɗaya da ya fita da hoto, bai je rufe tafsirin kowa ba, bai taka wata majami'a ba. Sallar dare da azumin Litinin da Alhamis kuwa suna nan yadda suke. Juma'a ya koma masallacin unguwarsu, duk inda ya samu wuri ya zauna.

Wata rana muna dawowa daga Abuja, mun wuce Tilde, muka tsaya magariba a Magama Gumau. Da muka koma mota na ga jikinsa a sanyaye, sai na samu ƙarfin halin da ban taɓa samu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, in tambaye ka wani abu, kada ka yi fushi." Ya ce in faɗa. Na tuna masa ranar zakaru biyu, abin da ya faɗa da safe da abin da ya faɗa da dare. Na ce, "Wanne ne naka a ciki?"

Ya yi shiru har muka kusa Nabordo. Sannan ya ce, "Alhaji, da na zo da takardar rijiyoyi da ajujuwa na karanta a fili, mutum nawa za su tsaya su ji? Na gwada a takarata ta farko, na sha ƙasa. Mutanenmu ba sa tambayar me ka yi da kuɗinsu, tambayarsu a ina kake sallah. Abin da ake saye shi ake kai wa kasuwa." Na ce amma ai Allah zai tambaya. Ya ce, "Zai tambaya, shi ya sa ba na barci." Can kuma ya ƙara da cewa, "Kai ma da na ba ka kujera, ka ce a mayar da ita rijiya?"

Ban ba shi amsa ba. Na riƙe sitiyari har Bauchi ba wanda ya sake magana. Wata shida bayan nan na ajiye aikin, ba faɗa ba komai, ya ma ƙara min kuɗi na sayi tsohuwar Sharon da nake lodin Gombe da ita yanzu.

Malaminmu na unguwa, wanda ba ya cikin littafin kowa, na taɓa kai masa wannan damuwa. Ya karanta min labarin Usama ɗan Zaidu, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya ga abin da ke ciki. Sannan ya kawo hadisin alamomin munafuki guda uku: in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alƙawari ya saɓa, in aka ba shi amana ya ci. Ya ce in duba da kyau, babu sallah a cikin ukun, babu carbi, babu tsawon wando, duka abubuwa ne da talaka zai iya gani da idonsa ba sai ya shiga zuciyar kowa ba. Na ce, "Malam, to ai ni ma ukun nan ban tsira ba." Ya ce shi ya sa ya karanta min.

A 2023 ina kallo daga waje. Tikitin Musulmi da Musulmi na Tinubu da Shettima ya zama abin wa'azi, kowace safiya waya cike da bidiyon malamai, wannan ya ce jihadi ne, wancan ya ce yaudara ce, a coci kuma ana ta kiran sunan Peter Obi. Dattawa a tasha suna tuna mana cewa a 1993 Abiola da Kingibe duk Musulmi ne kuma ba a yi wannan hayaniyar ba. Ga canjin kuɗi ya sa naira ta ɓace, sai aka koma rabon taliya da atamfa da sabulu. Ina jin wani malami na rantse-rantse a lasifika sai in kama kaina ina ƙiyasta kaurin ambulan, wanda kuma zalunci ne, don wataƙila shi tsakani da Allah yake yi. Aikin nan ya lalata min kunne. A ƙarshe Atiku ne ya ci Bauchi, Tinubu ya ci ƙasa, ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500.

Tsadar man ce ta sa na fara sayen na bumburutu a bakin hanya, shi kuma ya kashe min famfon mai. Makanikai uku suka taɓa motar ba ta tashi daidai ba. Wani ɗan'uwana direba ya ce akwai wani dattijo a hanyar Yelwa, in bai gyara ba to a sayar da ita. Tun kafin ya gama kwatance na san ko wane ne. Na yi kwana uku ina jan ƙafa, sannan na sa aka ja motar muka je.

Ya tsufa, gashin kansa ya yi fari fat, garejin rumfar kwano ce kawai da yara biyu. Ya dube ni ya ce, "A'a, direban Honorabul. An ce ka zama Alhaji." Na ce eh. Ya buɗe bonet ya sa yaro ya tayar, ya kara kunne. Na tsaya a bayansa, bakina ya bushe. Na ce, "Maigida, ranar nan ka kira ni sau huɗu." Bai juyo ba. Ya ce, "Sau biyar." Na ce ina gani, ban ɗauka ba, tsoro na ji, ya yafe min don Allah. Ya ci gaba da kwance wani noti har ya fita, ya hura shi, ya ajiye a kan batir. Sannan ya goge hannu da tsumma ya ce, "Na san kana gani. Yaya 'yar nan taka da aka yi wa uwarta aiki, ta yi aure?" Na ce tana aji biyar a sakandare. Ya ce, "Madalla. Famfon nan ya mutu, sai sabo. Ka daina zuba mata man galan. Ka dawo jibi da yamma, gobe ina sujada."